Yadda za a fitar da saitunan manhajar waya a aika su ta imel

"Assalamu alaikum. Na rubuta wata manhajar Android da masu shaguna ke amfani da ita wajen buga rasit da rubuta bashi. A cikinta mai shago yana saita sunan shagonsa, da rubutun da ke fitowa a ƙasan rasit, da firintar da yake haɗawa ta Bluetooth, da lambar sirrin buɗe manhajar. Duk wannan a SharedPreferences nake ajiye shi. Masu amfani da ita suna kokawa cewa idan sun canja waya sai sun sake saita komai daga farko. Ina son in sa maɓallin da zai tura musu saitunan ta imel, amma da na gwada maƙala fayil ɗin sai manhajar ta rufe kanta, wani lokaci kuma Gmail ta ce ta kasa maƙala shi. Nan gaba ina da niyyar yin ta iPhone. Wace hanya ce ta dace?"

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta ƙunshi abubuwa uku da suka sarƙe da juna: dalilin da ya sa fayil ɗin ya ƙi maƙaluwa, da abin da ya kamata a ce yana cikin fayil ɗin da za a aika, da kuma yadda saitunan za su koma cikin sabuwar waya lafiya. Na farkon shi ne ya tsaya maka a rai, amma shi ne mafi sauƙin gyara. A ganina ma gara da fayil ɗin ya ƙi tafiya, domin da ya tafi, da yanzu lambobin sirrin masu shaguna suna zaune a akwatunan imel ba tare da saninsu ba. Shawarata a taƙaice ita ce kada ka aika fayil ɗin SharedPreferences ɗin kansa, wato fayil ɗin da Android ke ajiye saitunan manhaja a ciki. Ka gina wani fayil na daban wanda kai ka zaɓi abin da ya shiga cikinsa, ka miƙa shi ga tsarin wayar, mai shago ya aika da hannunsa.

Dalilin da ya sa fayil ɗin ya ƙi maƙaluwa

Android tana ware wa kowace manhaja ma'ajiyarta ta kanta, wadda sauran manhajoji ba su da ikon leƙawa. Saitunanka suna zaune a fayil mai tsarin XML, cikin babban fayil (folda) mai suna shared_prefs, a wannan keɓaɓɓiyar ma'ajiya. Gmail kuwa wata manhaja ce daban, don haka ko ka gaya mata inda fayil ɗin yake ba za ta iya buɗe shi ba, kuma saƙon gazawar da kake gani daga nan yake fitowa. A da akwai wata hanya mai suna MODE_WORLD_READABLE da ke buɗe fayil ga kowace manhaja, amma tun Android 4.2 a shekarar 2012 aka ce a daina amfani da ita, sannan daga Android 7.0 ta shekarar 2016 aka toshe ta gaba ɗaya. A wannan sigar ta 7.0 ce kuma aka hana miƙa wa wata manhaja adireshin da ya fara da file://, wanda duk ya gwada sai tsarin ya jefo masa FileUriExposedException manhajarsa ta faɗi. Ina kyautata zaton wannan ne ke rufe taka, domin da yawa daga cikin darussan da ke yawo a intanet kan wannan batu an rubuta su ne kafin 2016.

Maganin shi ne FileProvider, kayan aikin Android da ke ba wata manhaja damar karanta fayil ɗinka bisa izini. Za ka bayyana shi a AndroidManifest, fayil ɗin da ke gabatar da manhajarka ga tsarin wayar, ka sa exported ya zama false, grantUriPermissions kuma true, sannan ka ba shi ɗan fayil ɗin XML da ke nuna babban fayil guda ɗaya tak a ma'ajiyar wucin gadi ta manhajarka, ta hanyar cache-path. A can za ka rubuta fayil ɗin fitarwa, ka karɓi adireshinsa mai farawa da content:// daga getUriForFile, ka sa shi a EXTRA_STREAM na Intent (saƙon da manhaja ke aika wa tsarin wayar don neman a yi wani aiki) mai ACTION_SEND, ka ƙara FLAG_GRANT_READ_URI_PERMISSION, ka buɗe shi da createChooser, wanda ke fito da jerin manhajojin da za a iya rabawa ta cikinsu. Izinin da ka bayar ta wannan hanya na fayil ɗaya ne, ga manhajar da aka zaɓa kawai, kuma na ɗan lokaci. Za ka ci karo da masu ba da shawarar a sa root-path domin FileProvider ya iya kaiwa har cikin shared_prefs. Kada ka saurare su, domin hakan na nufin duk wani ƙaramin kuskure a kod ɗinka zai iya fallasa rumbun bayanan bashi da duk abin da manhajar ta ajiye.

Akwai wata hanya da mutane ke so saboda manhajojin imel kaɗai take nunawa, wato ACTION_SENDTO da adireshin mailto. Matsalarta ita ce ƙa'idar mailto, wadda aka tsara a RFC 6068, ba ta tanadi maƙala fayil ba, don haka wata manhajar imel za ta karɓi fayil ɗin, wata kuma ta buɗe saƙo babu komai a maƙale, ba tare da ta ce uffan ba. Ƙari a kan haka, daga Android 11 ta shekarar 2020 manhaja ba ta ganin jerin sauran manhajojin da ke wayar sai ta bayyana buƙatarta a sashen queries, don haka resolveActivity, mai duba ko akwai manhajar da za ta karɓi aikin, na iya ce maka babu manhajar imel alhali ga Gmail nan zaune. Ni na fi son a bar cikakken jerin rabawa ya fito. Masu shagunan da kake yi wa aiki, da yawansu rabon da su buɗe imel tun ranar da aka saita musu waya, amma WhatsApp ba ya barin hannunsu. Idan mutum ya ga dama ya tura wa kansa ta WhatsApp, ko ya ajiye a Google Drive, ko ya tura ta Bluetooth zuwa sabuwar wayar da ke gabansa, buƙata dai ta biya.

Ka kuma sani cewa da zarar ka miƙa fayil ɗin, ba ka da wata tabbatacciyar hanyar sanin ko an aika ko an fasa. Don haka kada manhajar ta rubuta "an aika". Ta rubuta cewa an shirya fayil ɗin, ta kuma shawarci mai shago ya duba akwatinsa. Kada ka goge fayil ɗin nan take bayan ya dawo cikin manhajar, domin mai yiwuwa manhajar imel ba ta gama karanta shi ba. Ka share tsofaffin fayilolin a lokacin da aka sake buɗe manhajar wata rana.

Abin da zai shiga fayil ɗin

Nan ne ainihin aikin yake. Idan ka buɗe fayil ɗin saitunanka ka karanta shi layi bayan layi, za ka tarar da abubuwa iri uku a cakuɗe. Akwai zaɓin mai shago, kamar sunan shago da rubutun ƙasan rasit da harshe da faɗin takarda. Akwai abubuwan da suka shafi wannan wayar kaɗai, kamar alamar cewa an riga an nemi izinin Bluetooth, ko an gama sauya tsarin rumbun bayanai, ko shaidar da sabar sanarwa ta ba wayar. Sannan akwai sirri, wato lambar buɗe manhaja da shaidar shiga asusu. Aika fayil ɗin dungurungum daidai yake da a nemi takarda ɗaya daga wurin mutum, ya miƙa wa ɗan aike jakarsa duka har da makullan shago a ciki. Rukuni na farko ne kaɗai ke da hurumin tafiya.

Yadda nake yi a aikina shi ne in rubuta jerin sunayen saitunan da aka yarda su fita, duk abin da ba ya cikin jerin ba zai fita ba. Akasin wannan, wato fitar da komai ban da waɗanda aka hana, yana aiki a yau amma yana cin amana gobe, ranar da kai ko abokin aikinka kuka ƙara sabon saiti mai sirri kuka manta da jerin hani. An taɓa kawo mini wata manhaja in duba, na tarar fayil ɗin da take aikawa yana ɗauke da shaidar shiga asusu wadda ba ta ƙarewa, saboda an ƙara ta bayan an daɗe da rubuta sashen fitarwa. Duk wanda ya samu wannan imel ɗin ya samu asusun.

Lambar sirri mai lamba huɗu ba ta da wurin zama a fayil ɗin ko da ka sarrafa ta da SHA-256, dabarar da ke rikiɗa rubutu yadda ba a iya mayar da shi kai tsaye, domin lambobi huɗu ba su wuce haɗi 10,000 ba, kuma kwamfuta za ta gwada su duka kafin ƙiftawar ido. A sabuwar waya a nemi mai shago ya sa sabuwa. Batun firinta kuwa yana tsakiya. Adireshin Bluetooth na firintar ne, don haka zai iya tafiya, amma haɗin da aka ƙulla tsakaninta da tsohuwar waya ba ya tafiya, kuma daga Android 12 ta shekarar 2021 sai an nemi izinin BLUETOOTH_CONNECT a kowace waya. Ka ɗauki sunan firintar da adireshinta domin ka iya cewa "ku haɗa wayar da firinta kaza", amma kada manhajar ta ɗauka cewa haɗin yana nan. Haka tambarin shago: idan adireshin hoton kawai ka ajiye, a sabuwar waya zai nuna wurin da babu komai. Hoton kansa za ka sa a ciki, bayan ka rage girmansa. Iyakar abin da Gmail ke bari a maƙala megabait 25 ce, saitunan shago kuwa bai kamata su kusanci megabait ɗaya ba.

Ka karanta ƙimomin daga SharedPreferences ta kod, kada ka kwafi fayil ɗin daga ma'ajiya. Dalili shi ne apply, umarnin da ake adana saiti da shi, yana canja ƙima a ƙwaƙwalwa nan take amma yana rubuta ta a fayil daga baya, don haka kwafin da aka ɗauka cikin gaggawa na iya zama tsoho. Dalili na biyu ya fi wannan nauyi. Google ta fitar da DataStore a matsayin magajin SharedPreferences, kuma sigarsa ta farko tabbatacciya ta fito a 2021. Ranar da ka koma can, tsarin ajiyarka na ciki zai canja, alhali fayilolin da mutane suka tura wa kansu shekaru biyu da suka wuce suna nan suna jiran ranar da waya za ta ɓata. Fayil mai tsari naka na kanka ne zai tsallake wannan sauyi, shi ne kuma zai yi aiki a iPhone.

Tsarin JSON, wato rubutu mai jera suna da ƙimarsa, ya isa. A samansa ka sa sunan manhajar, da lambar sigar tsarin fayil ɗin wadda za ta fara daga 1, da ranar da aka fitar da shi. Tun ran gini tun ran zane: lambar siga layi ɗaya ce a yau, amma idan fayiloli suka bazu babu ita, ba ka da yadda za ka bambance tsoho da sabo. Sai ka kula da nau'in lambobi, domin JSON bai san bambancin int da long (nau'o'in lamba biyu, na biyun ya fi ɗaukar manyan lambobi) ba, SharedPreferences kuwa ya sani sarai. Idan faɗin takarda 58 an ajiye shi a matsayin long, wajen dawowa aka rubuta shi da putInt a matsayin int, to da zarar manhajar ta kira getLong za ta faɗi da ClassCastException, kuma za ta ci gaba da faɗuwa duk lokacin da aka buɗe ta har sai an share bayananta, wanda ke nufin littafin bashi ya tafi. Saboda haka jerin saitunan nan da na ambata ya ƙunshi nau'in kowanne, shi ne kuma zai yanke yadda za a rubuta ƙimar.

Kada ka haɗa rubutun JSON da hannu, ka yi amfani da kayan aikin da aka tanada domin haka, kamar org.json da ke cikin Android. Harajin VAT a Najeriya kashi 7.5 ne, kuma idan ka rubuta wannan lamba da String.format a wayar da aka saita ta da Faransanci, kamar yadda wayoyi da yawa suke a Maraɗi da Damagaram, 7,5 za ta fito da waƙafi, fayil ɗin ya lalace. Ka kuma rubuta shi da tsarin adana haruffa na UTF-8, ka gwada da rubutun da ke da haruffa masu lanƙwasa da alamar ₦, domin ba ƙaramin abin kunya ba ne "Mun gode ƙwarai" ta dawo da alamar tambaya a gurbin ƙ. Wannan ma na cikin dalilan da suka sa ban yarda a zuba saitunan a jikin saƙon imel ba: manhajojin imel suna karya dogayen layuka, suna ƙara sa hannu a ƙasa, mai kwafa da yatsa kuma yana barin harafin ƙarshe.

Imel ba akwatin sirri ba ne

Fayil ɗin da aka aika ta imel yana barin kwafi a akwatin aikawa, da akwatin karɓa, da sabar kamfanin imel, da duk wayar da aka sauke shi. Manyan kamfanoni suna kulle saƙo yayin da yake kan hanya, amma idan ya isa, duk mai kalmar sirrin akwatin zai karanta. A wurinmu kuwa sanannen abu ne mutum ya sayi waya a kasuwa irin Farm Centre ta Kano, yaron shago ya buɗe masa asusun Google ya zaɓa masa kalmar sirri, shi mai wayar bai ma riƙe ta ba. Idan ka tace jerinka da kyau, abin da ke cikin fayil ɗin bai wuce abin da kowane mai saye ke gani a rasit ba, don haka ba na ganin buƙatar kulle shi.

Lamarin yana canjawa ranar da masu shaguna suka ce ka haɗa musu da littafin bashi, kuma za su ce. Wannan ya fita daga saituna ya shiga sunayen mutane da lambobin wayarsu da abin da ake binsu, irin bayanan da Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta shekarar 2023 ta yi magana a kai. Ni ba lauya ba ne, fassarar dokar kuma ta masana ce, amma ta fuskar fasaha irin wannan fayil dole ne a kulle shi. Mai shago zai zaɓi kalmar sirri, a samar da makulli daga gare ta ta hanyar dabarar PBKDF2, a kulle fayil ɗin da tsarin kullewa na AES-GCM. Kada ka yi amfani da makullin Android Keystore, ma'ajiyar makullai ta cikin wayar, domin an gina shi ne yadda ba zai bar wayar ba, fayil ɗin da aka kulle da shi kuwa ba zai buɗu a sabuwar waya ba. Ka kuma faɗa wa mai shago ɓaro-ɓaro cewa idan ya manta kalmar, kai ma ba za ka iya buɗe masa ba.

Wata dabara da nake roƙon ka guje mata ita ce sa adireshin imel ɗinka da kalmar sirrinsa a cikin manhajar domin ta riƙa aikawa da kanta. Duk mai fayil ɗin APK, wato fayil ɗin da ake girka manhajar da shi, zai iya warware shi da kayan aiki irin jadx ya karanta su cikin mintuna. Idan lallai kana son aikawa ba tare da mai shago ya taɓa komai ba, sai dai ta sabarka, wanda ke nufin bayanan sun ratsa ta hannunka, nauyin kiyaye su kuma ya hau kanka.

Dawo da saitunan

Maɓallin fitarwa ba shi da amfani sai ranar da na shigarwa ya yi aiki, don haka ni nakan fara rubuta na shigarwa. Ka sa maɓalli da ke buɗe ACTION_OPEN_DOCUMENT, allon zaɓar fayil na wayar, wanda yake nan tun Android 4.4 kuma ba ya buƙatar izinin ma'ajiya. Sa manhajarka ta buɗe da zarar an taɓa fayil ɗin a cikin Gmail abu ne mai daɗi idan ya yi aiki, amma manhajoji sun sha bamban wajen bayyana nau'in fayil, don haka kada ya zama hanya ɗaya tilo.

Ka ɗauki duk fayil ɗin da ya shigo a matsayin baƙo. Ka duba girmansa, da sunan manhajar, da lambar siga, da nau'in kowace ƙima da iyakarta. Sunan da ba ka sani ba ka tsallake shi, fayil ɗin da sigarsa ta fi ta manhajar kuma ka ce a sabunta manhajar tukuna. Kafin a canja komai, ka nuna wa mai shago abin da zai canja, tsoho a gefe sabo a gefe. Dalilina shi ne masu shaguna da yawa suna rubuta lambar asusun banki a ƙasan rasit domin masu biya ta tiransifa. Idan wani ya turo fayil ya ce "ga sabon saiti daga kamfani", a ciki ya sauya lamba goma ɗin nan da tasa, mai shago zai yi ta buga rasit kuɗinsa na tafiya wani wuri. Allon da ke cewa "lambar asusu za ta canja daga kaza zuwa kaza" shi ne zai tsayar da wannan. Bayan ya amince, ka adana kwafin tsofaffin saitunan, ka rubuta sababbin duka a cikin edit guda da commit guda, ta yadda ko dai duka su shiga ko babu wanda ya shiga.

Ya kamata ka san cewa tun Android 6.0 ta shekarar 2015 akwai Auto Backup, wanda ke kwafe bayanan manhaja har megabait 25 zuwa Google Drive, har da SharedPreferences. Yana aiki ne idan mai waya ya kunna ajiyar, wayar na hutawa, tana kan Wi-Fi ko an yarda ta yi amfani da data, sannan sabuwar wayar ta shiga da asusun Google iri ɗaya. Waɗannan sharuɗɗa su ne ba sa cika ga mutanenka. Ka bar shi a kunne, ka ware sirri daga cikinsa ta ƙa'idojin ajiya, maɓallin fitarwa ya zama ƙari a kansa.

A iPhone tunanin ɗaya ne, sunaye ne suka bambanta. Saituna suna cikin UserDefaults, sirri kuma wurinsa Keychain. Ka guji dictionaryRepresentation, umarnin da ke kwaso duk abin da ke UserDefaults, domin yana haɗo saitunan tsarin wayar da ba naka ba, ka bi jerinka kamar yadda ka yi a Android. MFMailComposeViewController, allon rubuta imel na iPhone, yana maƙala fayil da kyau, amma sai an saita asusu a manhajar Mail ta Apple, kuma wanda Gmail kaɗai yake amfani da ita canSendMail zai ce masa a'a. UIActivityViewController shi ne takwaran jerin rabawa na Android, shi na fi ba da shawara.

Ban ga kod ɗinka ba, don haka abin da na faɗa kan faɗuwar manhajar hasashe ne daga alamomin da ka bayyana. Idan ka sa FileProvider ta ci gaba da faɗuwa, ka duba Logcat, inda Android ke rubuta saƙonnin kuskure. Saƙon da ke cewa "Failed to find configured root" na nufin wurin da ka rubuta fayil ɗin bai dace da wanda ka bayyana a cache-path ba. Idan kuma ƙorafin kan provider ne da ba a samu ba, to sunan authority da ke AndroidManifest ya saɓa da wanda ka ba getUriForFile, abin da yakan faru idan sigar gwaji tana ƙara wa sunan manhajar wani ɗan ƙari a ƙarshe. Wajen gwaji kuma ka nemi wayoyi biyu masu sigar Android daban-daban, ka saita ɗaya da Faransanci, ka fitar daga wannan ka shigar a waccan, sannan ka adana fayil ɗin siga ta 1 a cikin gwaje-gwajenka domin duk sabuwar sigar da za ka saki ta nuna cewa tana iya karanta shi.